Shin sabuwar al'ada ce ke cinye lafiyar iyalan da suka yi ƙaura, ko kuwa kaɗaici ne?

Abu Hafsat:

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna wannan zaure. Shekararmu shida ke nan da barin ƙasarmu, ni da maiɗakina da 'ya'yanmu uku, kuma idan ta fuskar abin duniya aka duba babu abin da za mu ce sai godiya ga Allah, domin ina da aiki, yara suna makaranta, asibiti kuma yana kusa. Amma a cikin waɗannan shekaru an same ni da hawan jini, na ƙara kilo 14, ita kuma maiɗakina kusan shekara biyu ke nan tana fama da ciwon kai da kasala da ciwon gaɓoɓi, an yi gwaje-gwaje an ce ba a ga komai ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne abin da ya faru a makon jiya. Ina wurin aiki, sai babbar 'yarmu mai shekara 12 ta raka mahaifiyarta wurin likita domin ta yi mata tafinta. Da daddare yarinyar ta same ni ni kaɗai, ta ce likitar ta tambaya ko mahaifiyarta tana yawan kuka, ko tana jin ta gaji da rayuwa, ita kuma ba ta fassara tambayar ba, sai ta amsa da kanta ta ce a'a, saboda ta ji nauyin yi wa mahaifiyarta irin wannan tambaya. Tun daga daren nan ban ƙara samun barcin kirki ba. Ina so masana da waɗanda suka riga mu zaman baƙunta su gaya mini: ƙoƙarin sajewa da mutanen ƙasar ne yake yi mana illa, ko kuwa rashin sajewar ne?

Malam Nuhu:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba iyalinka lafiya, Abu Hafsat. Ni a ganina amsar a fili take, kuma ba da ka nake magana ba. An daɗe da lura cewa ciwon zuciya ya fi ƙaranci a tsakanin Japanawan da ke zaune a Japan, ya ɗan ƙaru a tsakanin waɗanda suka koma Hawai, sannan ya fi yawa a tsakanin waɗanda suka zauna a Kalifoniya. A 1976 Michael Marmot da Leonard Syme suka wallafa binciken da suka yi a kan maza Japanawa 3,809 mazauna Kalifoniya, inda suka rarraba su gwargwadon yadda kowa ya riƙe al'adarsa ta asali. Waɗanda suka fi riƙo da al'adar, ciwon zuciya a cikinsu bai wuce na mutanen Japan ba, waɗanda kuma suka fi narkewa cikin rayuwar Amurka sun ninka su sau uku zuwa biyar. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bambancin cimaka da shan taba da hawan jini bai isa ya bayyana wannan tazara ba. Saboda haka shawarata ita ce ka ja iyalinka a jika, ka tsare harshenku da tarbiyyarku a cikin gida, ka rage musu cuɗanyar da ba ta zama dole ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Dakta Bilkisu:

Malam Nuhu, alƙaluman da ka kawo daidai suke, amma ina jin hukuncin da ka ciro daga cikinsu ya zarce abin da suka nuna. Waɗannan Japanawa da suka riƙe al'adarsu ba a cikin gidajensu suka kulle kansu ba, suna da jama'a ne mai yawa da suke rayuwa a cikinta, wadda suke yini da ita, suke samun aiki ta hanyarta, suke kai mata kukansu. Masu binciken da kansu ga wannan haɗin kai suka karkata wajen bayyana sakamakon. To, mu dubi matar Abu Hafsat. Ga dukkan alamu ita ce ta fi kowa riƙe al'ada a gidan, tunda har yanzu ba ta iya harshen ƙasar ba, kuma ita ce ta fi kowa jin jiki. Idan aka ƙara rage mata cuɗanya, me ya saura mata?

Masanin halayyar ɗan Adam John Berry na ƙasar Kanada ya kasa hanyoyin da baƙo ke bi kashi huɗu: ko ya riƙe nasa kuma ya shiga cikin jama'ar da ya tarar, ko ya watsar da nasa ya narke, ko ya riƙe nasa ya ware kansa, ko kuma ya rasa duka biyun. Bincike da dama da suka bi wannan rabe-rabe sun nuna masu bin hanya ta farko sun fi samun kwanciyar hankali, waɗanda suka yi biyu babu kuma su suka fi shiga wahala.

Game da ƙiba da hawan jini kuwa, akwai abin da ake gani a ƙasashe irin su Kanada da Amurka da Ostireliya, wato baƙi sukan iso da lafiyar da ta fi ta 'yan ƙasa, daga baya sai ta riƙa zaizayewa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2004 ya samu ƙiba mai yawa a kashi 8 cikin ɗari na baƙin da ba su cika shekara guda ba, amma a tsakanin waɗanda suka kai shekara 15 ta kai kashi 19. Sai dai kafin mu ɗora wa al'ada laifi, mu tuna da binciken da ya kwatanta mutanen Ghana mazauna karkara da mazauna biranen Ghana da kuma waɗanda ke biranen Turai na Landan da Amstadam da Balin. A cikin mata, ƙibar ta tashi daga kusan kashi 8 a karkara zuwa kusan kashi 34 a biranen Ghana, sannan ta haura kashi 50 a Landan. Ke nan fiye da rabin hawan ya faru ne tun mutum bai tsallaka iyakar ƙasarsa ba. Zaman mota da kujera, da abincin gwangwani mai arha, da ƙarancin barci, su ne ke yin wannan aiki a duk inda aka same su.

Malam Nuhu:

Na karɓi gyaran Dakta a kan batun ƙiba. Amma hanyar farko da kika yaba, wato mutum ya riƙe nasa kuma ya shiga cikin jama'a, a takarda take da sauƙi. Yaro yana yini awa bakwai a makaranta da wani harshe da wasu ɗabi'u, ya dawo ya buɗe waya ya ci gaba da su, iyayensa kuma sun dawo a gajiye. A irin wannan gasar ai an san wanda zai yi rinjaye idan uba bai sa hannu da ƙarfi ba.

Maman Sadiƙ:

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina roƙon a bar ni in koma kan matar nan kafin muhawara ta yi nisa da ita. Abu na farko, Abu Hafsat, ka tambaya ko a cikin gwaje-gwajen da aka yi an auna sinadarin bitamin D da yawan jini da aikin halittar wuya da ake kira tayiroid, wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, domin ba kullum ake haɗa su ba sai an nema. A ƙasashen da ke can arewacin duniya, kamar Birtaniya, daga watan Oktoba zuwa Maris hasken rana ba ya da ƙarfin da fata za ta samar da bitamin D, kuma fata mai duhu ta fi buƙatar daɗewa a rana. Shi ya sa hukumomin lafiya na Birtaniya suke shawartar kowa ya sha maikirogiram 10 a kullum a lokacin sanyi, masu duhun fata da masu yawan zaman gida kuma su yi tunanin sha duk shekara. Ƙarancinsa yana kawo ciwon ƙashi da raunin jiki irin wanda ka bayyana.

Abu na biyu shi ne ciwon damuwa sau da yawa ta jiki yake fitowa. A wurin aikina na ga mata da yawa, daga nahiyoyi daban-daban, waɗanda ba za su taɓa cewa suna cikin baƙin ciki ba, sai dai su ce kansu yana sarawa, ƙirjinsu ya yi nauyi, ba sa iya tashi da safe. Likitar da ta yi waccan tambaya ta san abin da take nema.

Abu na uku, kada a sake tura yarinyar nan tafinta. A Amurka dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ce ake dogara da ita wajen wajabta wa asibitocin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya su samar da tafinta, a Ingila ma ana bayar da shi kyauta idan an nema tun lokacin da ake karɓar ranar ganin likita. Kuskuren kalma ɗaya yana iya jawo babbar asara. A 1980 a jihar Fulorida an kai wani saurayi ɗan shekara 18 asibiti a sume, danginsa masu jin Sifaniyanci suka yi amfani da wata kalma da ke nufin ya ci wani abu da ya ɓata masa ciki, ma'aikata suka ɗauka ana nufin ya sha ƙwaya ya bugu. Ashe jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa, kuma kafin a gano ya riga ya shanye hannu da ƙafa.

Zulaihat:

Ina neman afuwar iyayena da ke wannan zaure, zan sa baki duk da ƙarancin shekaruna, saboda ni ce yarinyar nan shekara goma sha biyar da suka wuce. Ina da shekara tara muka yi ƙaura, cikin wata takwas na fi iyayena jin harshen ƙasar, daga nan kuma duk wata takarda da ta shigo gidanmu ni ake miƙa wa. Ba zan manta da ranar da na karanta wa mahaifina wasiƙar da ke cewa an ƙi amincewa da takardun karatunsa ba. Ina tsaye a gabansa da kayan makaranta a jikina, na karanta layin farko na gane abin da ke ciki, sai na yi ta jan lokaci ina cewa akwai kalmar da ban sani ba. Shi kuwa ya riga ya karanta a fuskata. Ya karɓi takardar ya ninke ta sau huɗu ya sa a aljihu, ya ce in je in ci abinci.

Baba Abu Hafsat, 'yarka ba ta yi laifi ba, kuma zuwan da ta yi ta gaya maka alama ce ta cewa kayan sun yi mata nauyi. Ka gaya mata da bakinka cewa ba aikinta ba ne.

Ga Malam Nuhu kuma, cikin girmamawa, sa hannu da ƙarfi shi ya raba yayana da mahaifinmu har tsawon shekara huɗu ba sa magana. Alejandro Portes da Rubén Rumbaut sun bi rayuwar 'ya'yan baƙi sama da 5,000 a yankunan Mayami da San Diyego tun daga 1992, kuma abin da suka gano shi ne matsala ta fi tsanani a gidan da yara suka yi nisa cikin sabon harshe suka saki na iyayensu, alhali iyayen ba su motsa ba. Yaran da suka ƙware a harsunan biyu sun fi ganin ƙimar kansu, kuma saɓaninsu da iyaye ya fi sauƙi. Abin da na fahimta daga gidanmu shi ne tazarar tana da baki biyu. Ana ta matsa wa yaro kada ya manta harshen gida, amma ba a cika matsa wa uwa da uba su koyi na waje ba, sai a wayi gari babu harshe ɗaya da uba da ɗa za su yi doguwar magana mai zurfi da shi.

Injiniya Kabiru:

Maganar Zulaihat ta taɓa ni, musamman batun takardar mahaifinta, domin a nan nake ganin muhawarar ta bar wani babban gibi. Ana ta magana kamar baƙo ne kaɗai ke zaɓen hanyar da zai bi, alhali ba ya shiga sai an buɗe masa ƙofa. Shi kansa Berry ya faɗi cewa hanyar farko ba ta yiwuwa sai a ƙasar da ta yarda da ita. Na yi shekara uku ina aikin dare a rumbun ajiye kaya da digirina biyu a cikin akwati, ina barci daga ƙarfe takwas na safe zuwa sha biyu, kuma duk bayan 'yan watanni ina jiran a sabunta mini izinin zama ba tare da sanin abin da za a ce ba. A shekarun nan ne sukarina ya hau. Wace al'ada na ɗauka ko na yar da ta jawo wannan?

Likitan ƙwaƙwalwa Joseba Achotegui na birnin Basalona ya bayyana wannan yanayi a 2002, inda ya lissafa abubuwa bakwai da mai ƙaura ke juyayin rabuwa da su, cikinsu har da dangi da harshe da ƙasa da kuma matsayin da yake da shi a idon jama'a. Ya kuma nuna cewa mutum lafiyayye ne wahala ta yi wa yawa, don haka ba daidai ba ne a yi masa kallon mai taɓin hankali.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Tun a 1932 likita Ødegaard ya lura cewa mutanen Norwe da suka koma jihar Minesota ta Amurka sun fi waɗanda suka zauna a gida yawan kwanciya a asibitin masu taɓin hankali. Wani babban bincike da aka yi a Landan da Notingham da Biristol, wanda aka wallafa a 2006, ya samu cewa nau'in taɓin hankali mai tsanani da ke sa mutum jin muryoyi ya ninka kusan sau tara a tsakanin baƙaƙen fata 'yan asalin Karibiyan, da kusan sau shida a tsakanin 'yan asalin Afirka, idan aka kwatanta da fararen Birtaniya. A Jamaika da Tirinidad da Barbados kuwa ba a samu irin wannan yawa ba. 'Ya'yan da aka haifa a can, waɗanda harshen ƙasar ne harshensu na farko, ba su tsira ba. Idan rashin sajewa ne matsalar, ai da su sun kuɓuta. Wariya da talauci da zama saniyar ware suna da hannu dumu-dumu a ciki.

Dakta Bilkisu:

Injiniya ya yi gaskiya, kuma a nan dole in mayar wa Malam Nuhu wani ɓangare na haƙƙinsa. Wani bincike a kudancin Landan da aka wallafa a 2001 ya nuna cewa wannan ciwo ya fi kama 'yan tsiraru a unguwannin da ba su da yawa, ya kuma ragu a inda suke da 'yan uwa masu yawa, ko da unguwar ta talakawa ce. Ke nan zama kusa da naka kariya ce ta gaske. Inda muka rabu da Malam shi ne ni jama'a nake nufi, shi kuma ya fi karkata ga katangar gida.

Hajiya Asabe:

'Ya'yana, shekarata talatin da ɗaya a ƙasar waje, na aurar da 'ya'ya a nan, na kuma ga aure da yawa sun mutu a gabana, don haka bari in ƙara abin da ban ji an ambata ba. Ƙaura tana sauya matsayin miji da mata a cikin gida ba tare da an zauna an yi shawara ba. Wani lokaci matar ce ke fara samun aiki, mijin da ya saba shi ke ɗauke da gida sai ya koma mai jira, ya zama mai saurin fushi ko mai yawan shiru. Wani lokaci kuma, kamar gidan Abu Hafsat, mijin ne ke fita ya ga mutane, matar ta yini da bango huɗu. A da idan an samu saɓani akwai manya da za su shiga tsakani, a nan kuwa daga ku biyu sai 'yan sanda ko kotu.

Haka batun haihuwa. Na haifi ɗana na uku a tsakiyar hunturu, aka sallame ni bayan kwana biyu, mijina ya koma aiki a rana ta huɗu, na zauna da jariri da yara biyu ƙanana, rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu. Na yi wata uku ina kuka a banɗaki don kada yara su gani, ban san abin yana da suna ba, ban kuma san ana maganinsa ba.

Sai tarbiyya. Suwidin ta haramta dukan yara tun 1979, ƙasashe fiye da sittin kuma sun bi sahunta. Iyaye da yawa suna isowa ba wanda ya yi musu bayanin dokar, sai labarin an ƙwace 'ya'yan wane da wance, daga nan tsoro ya hana su kai yaro asibiti ko su nemi taimako a makaranta, wasu kuma su saki tarbiyyar gaba ɗaya. Malam Nuhu, ni ma na yarda uba ya tsaya a kan gidansa, amma sai ya san dokar ƙasar da yake ciki, kuma ba zai san ta ba idan bai shiga mutane ba. Baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Malam Nuhu:

Hajiya, na ji kuma na gode. Ban janye maganata a kan harshe da tarbiyya ba, domin na ga gidajen da jikoki ba sa iya gaisawa da kakanninsu a waya, kuma wannan ma ciwo ne ko da likita ba ya auna shi. Amma na yarda kalmar rage cuɗanya da na yi amfani da ita ba ta dace da halin da matar Abu Hafsat ke ciki ba.

Abu Hafsat:

Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan yara sun kwanta na zauna da maiɗakina, na yi mata tambayar da 'yarmu ta kasa fassarawa. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce in ƙirga mata kwana nawa ke nan rabon da ta yi magana da wani babba ido da ido in ban da ni. Na kasa. Ta ce kwana goma sha tara, kuma na ƙarshen ma mai kawo saƙo ne da ya nemi ta sa hannu. Ta ce ta daina zuwa ajin koyon harshe ne tun shekara ta biyu saboda lokacinsa ya ci karo da ɗauko ƙaramin yaronmu daga makaranta, ni kuma a lokacin na ce ta bari sai an samu sarari, daga nan ban sake tayar da maganar ba.

Na kira asibiti da safe, an ba mu ranar Talata ta sama, na kuma nemi tafinta. Na yi magana da 'yarmu kamar yadda Zulaihat ta ce. Abin da ya rage shi ne maiɗakina tana fargabar kada tafintan ya zama wanda ya san mu, maganarta ta bazu. Maman Sadiƙ, akwai yadda ake yi da wannan?

Maman Sadiƙ:

Akwai, kuma fargabarta tana da tushe, domin a inda masu jin harshe ɗaya ba su da yawa kowa ya san kowa. Ka sake kiransu kafin ranar ka ce tana son tafinta mace, kuma ta waya, domin masu yin ta waya galibi daga wani gari suke, ba sa ganin fuskarta, kuma ana iya roƙon kada a ambaci cikakken sunanta. Idan aka haɗa su ta ji muryar wadda ta sani, tana da damar cewa a sauya. Ka nemi a ba ta lokaci mai tsawo, saboda ganin likita da tafinta yana cin kusan ninki biyu na lokacin da aka saba. Ka raka ta, amma idan an zo wajen waɗancan tambayoyi ka fita ka jira a waje, ko da ta ce ka zauna.